Iskar da ke Tafiya Wajen Hadari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ka isa Maradun lafiya, ka kuma sami masauki mai kyau. Innarka tana gaishe ka, tana sa maka albarka. Allah ya tsare ka a tudu, ya tsare ka a ruwa, ya tsare duk wanda ya sa ƙafa cikin jirginka.

Ba labarin gida ya sa na ɗauki alƙalami ba. Shekaranjiya ka bar Mafara, babu abin da ya canza sai tabarmarka da aka naɗe. Akwai maganar da na so in faɗa maka a tasha, na buɗe baki sau biyu na kasa, sai na ɓige da tambayarka ko ka ɗauki bargo. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, tunda takarda ba ta kallon mutum cikin ido.

An ba ka kwalekwale mai inji, za ka riƙa fito da mutane a tafkin dam ɗin Bakolori. Ban hana ka ba, kuma ba zan hana ka ba. Ka iya ruwa, ka iya inji, hannunka ba ya rawa. Abu ɗaya nake tsoro, shi ne kunyarka. Tun kana ƙarami ba ka iya ce wa babba a'a, ko gishiri aka zuba maka a kunu sai ka shanye ka yi godiya. Mutane suna yaba maka da wannan, ni ma ina alfahari da shi. Amma a bakin ruwa, ranar da gabas ta yi baƙi, wannan halin zai iya cin ranka da na mutum goma. Na san abin da nake faɗa, domin wurina ka gado shi.

Ka san aikina, awon iska da ruwan sama, amma ba ka san yadda na fara ba. Gidanmu gidan malamai ne. Yayana Haliru, wanda kuke ce wa Baba Haliru, shi ya gaji littattafan mahaifinmu da limanci, ni kuwa aka ba da ni boko. Lokacin da aka fara aikin dam ina koyarwa a firamare, da ɗan Turancina da bai taka kara ya karya ba. Aka ce ana neman mai iya rubuta lamba ba tare da ya yi ƙarya ba, na je aka ɗauke ni. Suka haɗa ni da wani Bature dattijo da muke kira Mai Lofe, don ba a raba shi da lofensa na taba.

Ranar farko ya tambaye ni ko iska tana da nauyi. Na ce ina iska ina nauyi, abin da ko kama shi ba a yi. Bai yi musu da ni ba. Ya sa aka kawo garwar kananzir da babu komai ciki, ya zuba ɗan ruwa, ya ɗora a wuta har tururi ya riƙa fita, sannan ya toshe bakin da kyau, ya sauke, ya kwara mata ruwan sanyi. A gaban idona garwar nan ta yi ƙara ta lotse, kamar wani ƙato ya taka ta. Na ja da baya ina ta'awizi, shi kuwa yana ta dariya har lofen ya faɗi. Ya ce tururi ne ya kori iskar da ke ciki, da ya huce ya koma ruwa sai cikin ya zama fayau, babu abin da zai tokare. Iskar waje ce ta matse ta, wannan iskar da ke kanmu tun daga ƙasa har sama, wadda muke ɗauke da ita kullum ba mu sani ba don a cikinta aka haife mu.

Daga nan ya nuna mini na'urar da ke auna wannan nauyi. Shi yana ce mata baromita, mu muka sa mata agogon iska, don tana da fuska da hannu irin na agogo. Abin da na koya a watannin farko zan taƙaita maka shi. In rana ta gasa ƙasa, iskar da ke kanta takan yi zafi ta yi sauƙi ta tashi sama, sai nauyi ya ragu a wurin. Inda iska ta yi sanyi kuwa takan yi nauyi ta zauna. To mai nauyin nan ba ta haƙura, sai ta kwarara zuwa inda nauyi ya ragu, daidai yadda ruwan kanal yake kwarara cikin gona in an ɗaga masa ƙofa. Wannan kwararar ita ce iskar da ke kaɗa maka riga. In bambancin nauyin kaɗan ne ta zo a hankali, in mai yawa ne ta zo ta ɗauke rufin ɗaki.

Ilimi kaɗan yana da zaƙi, Nasiru, ni kuwa ya hau mini kai. Mai Lofe ya taɓa cewa in hannun agogo ya yi ƙasa to a sa ido, ƙila hadari na tafe. Wata Talata a bazara, bai zo aiki ba, na ga hannun yana sauka tun hantsi. Azahar ta yi yana sauka. Na hau kekena ban ko rufe ofis ba, na faɗa cikin kasuwar Mafara tana tsakiyar ci, ina bi rumfa-rumfa ina cewa a kwashe kaya, babban hadari na zuwa kafin la'asar, na'urar Turawa ta nuna. Masu gishiri da kanwa suka fara ɗaure buhu. Masu atamfa suka naɗe. Mutanen ƙauye suka kora jakunansu suka kama hanya tun kasuwa ba ta watse ba. La'asar ta yi, magariba ta yi, sama fes kamar an wanke ta. Da na zo wucewa ina tura keke, wata tsohuwa mai daddawa ta ɗago kai ta ce, "Malam, ina hadarin naka? Ko ya tsaya shan hura ga hanya?" Tun daga ranar sunana ya koma Malam Hadari, har yau akwai tsofaffin da ba su san ni da wani suna ba.

Washegari Mai Lofe ya ɗauko takardun awo na kwanakin baya ya shimfiɗa mini. Kowace rana, babu fashi, hannun yakan hau da safe har hantsi, ya sauka zuwa la'asar, ya sake hawa, ya sake sauka. A ƙasarmu haka iska take numfashi kullum, ko akwai hadari ko babu. Abin da na tayar wa kasuwa hankali a kansa, abin da yake faruwa ne tun kafin a haifi kakana. Saboda haka ka fara sanin tafkin nan a ranakun da babu komai. Ka san yadda yake da safe, yadda iskar yamma take tasowa bayan azahar, irin ƙananan igiyoyin ruwan da ba su da illa. Wanda bai san ranar lafiya ba, ba zai gane ranar da ta fita daban ba, kuma in ka cika ihu a banza ranar da ka yi na gaskiya ba mai waiwayowa.

Kunyar kasuwa ta sa na koma ɗaya gefen. Na ce daga yau ba ni ba maganar kowa, sai abin da na'ura ta rubuta, kuma na fara raina abin da mutanenmu suka sani. Damina ta kama, aka riƙa aika ni wajen Bakura in duba gwangwanin awon ruwan sama da aka kafa a gonaki. Wata rana ina dawowa ta wajen Dakko na tarar da wani dattijon Bafulatani, Sambo, yana tattara shanunsa tun rana na tsaka yana kora su gida. Muka gaisa, ya dubi littafin awo da ke ɗaure a bayan kekena, ya ce kada in bi ta fili, in tsaya rugarsu, hadari na tafe. Na duba gabas, akwai girgije can nesa ya yi tsiri. Amma iska daga yamma take busowa, tana tafiya wajensa. Na yi murmushin masu boko na ce masa ai iskar nan za ta kore shi.

Ya tsaya ya dogara da sandarsa ya ce, "Wagga iska ba korar shi takai ba, Malam, abinci takai mishi. Hadari tsotso shikai, awa ɗan maraƙi. In ya ƙoshi ka gani."

Na yi masa sallama na taka keke. Ban yi nisa ba iskar yamman nan ta ɗauke ɗif, ko ganye ba ya motsi, zufa na zuba. Sai wata iska mai sanyi ta bugo ni daga gabas da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kafin in sauka ta kayar da ni da keken cikin gonar dawa. Na kwanta rungume da littafi ruwa na dukana. Awon mako biyu ya narke, tawada ta bi rigata. Na isa Mafara kamar kazar da ta faɗa randa.

Da na ba Mai Lofe labari, na ɗauka zai yi faɗa a kan littafin. Sai ya ce in maimaita abin da Bafulatanin ya ce. Na maimaita. Ya ce abin da ya yi shekaru yana karantawa ke nan, mutumin ya faɗe shi a numfashi ɗaya. Ga yadda abin yake, ka riƙe shi da kyau don shi ne cibiyar takardar nan. Iskar damina da ke zuwa mana daga kudu maso yamma tana ɗauke da laimar teku. In ƙasa ta yi zafi, iskar nan mai laima takan tashi sama. Sama akwai sanyi, sai laimar ta koma ɗigon ruwa, kamar yadda kake gani a murfin tukunya. Wannan shi ne girgije. Laima kuwa in tana komawa ruwa takan saki zafi, zafin ya ƙara tura iskar sama, girgijen ya yi ta hawa har kansa ya baje kamar uwar maƙera. Duk iskar da ta tashi sai wata ta maye gurbinta, shi ya sa ta ƙasa take gudu zuwa gindin hadarin daga kowane gefe. Shi kuwa hadarin, iskar can sama ce take tura shi, kuma a ƙasarmu daga gabas take turo shi zuwa yamma. Don haka kana iya jin iska a bayanka tana tafiya gabas, alhali shi yana nufo ka. Sa'an nan in ruwa ya yi masa nauyi ya fara zubowa, yakan jawo iskar sama mai sanyi ta faɗo da ƙarfi, ta bugi ƙasa ta watsu gaba, kamar ka kifar da bokitin ruwa a daɓe. Wannan ita ce iskar sanyin da ke riga ruwa isowa, ita ce ta kayar da ni.

Na koma Dakko na nemi Sambo na ba shi haƙuri, ya yi dariya ya ba ni nono. A tafkin nan za ka sami tsofaffin masunta da makiyaya da ba su taɓa riƙe fensir ba. Ka zauna kusa da su, ka yi tambaya, ka rufe bakinka ka ji. Abin da na'ura ta sani da abin da suka sani duk iska ɗaya ce.

To yanzu ka ga na san abin nan sarai. Na ji shi daga bakin Bafulatani, na ji daga bakin Bature, na kuma ji shi a jikina cikin gonar dawa. Ina so ka tuna da haka kafin ka karanta abin da ke biye, don kada ka nema mini uzurin rashin sani.

Garinmu na asali yana ƙarƙashin ruwan da za ka riƙa tuƙi a kansa. Da tafki ya cika aka mai da mutanenmu sabon matsuguni wajen Maradun, Baba Haliru ne limaminsu. Gonakin gado duk sun nutse sai guda ɗaya a kan tudu, wadda ta koma tsallaken ruwa. A shekarar da nake ba ka labari ruwan sama ya yi jinkiri ƙwarai. Mutanen da aka raba da gonakinsu, ga rumbu ya yi ƙasa, ga sama ta ƙi. Na je gaishe da Yaya Haliru ranar da ba ni da aiki, na tarar ana shirin fita roƙon ruwa. Muka fita fili da hantsi, maza da mata, ya ja mu salla, ya yi addu'a har muryarsa ta dushe, tsofaffi na kuka. Bayan azahar sai ga girgije ya leƙo daga gabas. Ba zan iya kwatanta maka murnar da aka yi ba. Mata na guɗa, mutane na zuwa suna riƙe hannun Yaya.

Shi kuwa ya shiga ɗaki ya ɗauko ƙwaryar iri da sungumi. Ka san shukar binne, a zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka don ya tarar da shi a ciki. Ya ce zai tsallaka ya binne gero ko kunya goma ce, ya dawo kafin magariba. Ko babbar rigar da ya yi salla da ita bai tuɓe ba. Na raka shi mashigi, tare da wani maƙwabcinsa da shi ma yake da gona can.

Mai fiton sunansa Ɗantani. Tun yana saurayi yake fito a gulbi, kuma gwani ne, amma gulbi ya sani. A gulbi gaɓa tana kusa, itatuwa suna tare iska, in hadari ya taso tuƙi kaɗan ka fita. Tafki kuwa sabon abu ne gare mu duka, ba wanda kakansa ya bar masa labarinsa. Ɗantani ya dubi gabas, ya dube ni, jikinsa bai ba shi ba. Ya ce, "Malam mai agogo, mi ka gani?"

Na riga na gani. Girgijen ya yi tsiri, kansa ya fara bajewa, gindinsa ya yi baƙi. Iska tana bugun bayanmu tana tafiya wajensa, tana ƙara ƙarfi. Kafin in yi magana Yaya ya ɗaga hannu ya ji iskar, ya ce, "Iska daga yamma take, tana riƙe shi. Muna isa mu dawo bai taho ba."

Maganar da na faɗa wa Sambo ke nan, kusan kalma da kalma. Na san amsarta. Amma wannan yayana ne da ya goya ni, ya koya mini alifun, ban taɓa gyara masa magana a gaban mutane ba. Kuma hadarin nan shi ya roƙo shi da safe da hawayensa, a wurinmu kuwa ba a aibata ruwan farko, rahama ce, wanda ya ce a ji tsoronsa kamar ya raina kyautar Allah ne. Ina cikin wannan sai wani daga masu zama a bakin ruwa ya ce a bar Malam Hadari kada ya watsa mana wannan kasuwar ma. Aka yi dariya, ba da mugunta ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ne masani."

Gaskiya na faɗa, amma ɓuya na yi a bayanta. Allah ne masani, kuma ya sanar da ni daidai abin da ake bukata a wannan lokacin, na haɗiye.

Suka shiga. Ina tsaye ina kallo har suka kai tsakiya. Iskar yamma ta ɗauke, ruwa ya kwanta sumul kamar faranti. A nan na fara ihu ina ɗaga hula, amma sun yi nisa. Na hango wani baƙin layi a kan ruwa daga gabas yana tahowa da gudu, bayansa fari fat. Sanyin ya iso mu a gaɓa, ya tashi da rumfar masu zama. Da na sake ɗaga ido ban ga jirgi ba.

Ɗantani da maƙwabcin sun fita, sun rungumi babban goran da yake ajiyewa cikin jirgi tun zamanin gulbi. Yaya ya iya ruwa fiye da su biyun, rigar ce ta sha ruwa ta naɗe shi. Sai washegari da hantsi aka same shi. An yi ruwa mai albarka a ranar, damina ta yi kyau, kowa ya cika rumbu. Na yi shekara ban iya cin tuwon geron daminar nan ba.

Kuna yara aka ce muku ƙaddara ce, kuma ƙaddara ce, ban taɓa shakka ba. Kwanansa ya ƙare. Amma ni za a tambaye ni abin da na yi da abin da na sani. Ba wanda ya taɓa zargina. Ɗantani kaɗai, ranar sadakar bakwai, ya same ni a gefe ya ce a hankali, "Da ka ce a'a, Malam, wallahi da ban tahi ba. Kai nika jira." Bayan innarka, kai ne mutum na farko da na faɗa wa wannan.

Ban ba ka labarin nan don ka ji tsoron ruwa ba. Hadari ba ya zuwa a ɓoye, yana aiko da saƙo tun da nisa, kuma kai mai ido ne. Kafin kowace tashi ka juya ka dubi gabas, musamman daga azahar zuwa magariba, a farkon damina da ƙarshenta, lokacin da iskarsa ta fi mugunta. In ka ga ya yi tsiri kansa ya baje, iska kuma na gudu wajensa, ka ɗaure jirgi. In iska ta ɗauke gaba ɗaya zafi ya danne, kada kwanciyar ruwan ta ruɗe ka. In ka ga walƙiya ka ƙirga a hankali har ka ji tsawa, duk ƙirga uku kusan kilomita ɗaya ne, in ƙirgar tana raguwa to kai yake nufa. In kuwa har ka ji sanyin nan da ƙamshin ƙasa kana tsakiya, lokacin gudu ya wuce. Kada ka ba igiyar ruwa gefen jirgi, ka juya mata goshi, ka rage wuta amma kada ka kashe inji. Kowa ya sauka daga kan benci ya zauna a ƙasan jirgi. Ka tuna a tafki babu abin da ke tare iska, tana samun fili ta yi ta tara ruwa, shi ya sa igiyoyin suka fi girma a gefen yamma inda take ƙarewa. Ka ajiye jarkoki marasa komai, a rufe da kyau, inda hannu zai kai. Kuma da damina duk wanda zai shiga jirginka ya tuɓe babbar riga ya riƙe a hannu, ko hakimi ne.

Wannan duk mai sauƙi ne, cikin wata ɗaya za ka fi ni iyawa. Mai wuyar shi ne mutanen da za su tsaya a kanka. Za a zo maka da amarya ana jiran ta a tsallake. Za a zo da mara lafiya. Malami zai ce maka ina tawakkalinka, tsoho zai ce tun ba a haifi ubanka ba yake shiga ruwa. Kada ka yi musu da kowa a kan abin da zai faru, ba ka sani ba, ni ma da na'urata ban sani ba. Wani hadarin zai taso ya watse a hanya, ka hana mutane tafiya a banza, su yi maka dariya, ƙila su sa maka suna. Ka bar su. Ni na ɗauki nawa sunan shekara da shekaru, bai rage ni da komai ba, shirun da na yi don gudunsa ne ya rage ni. Ka durƙusa ka gaishe da babba yadda ka saba, ka ce masa ba ka ce ka san gaibu ba, ka ce dai ba ka tuƙi. Ka zare makullin inji ka sa a aljihu. Ladabi a baki yake da gwiwa, ba sai ka miƙa masa jirgi ba. Na tabbata za ka iya, domin taurin kan innarka ma yana jikinka, ka dai daɗe ba ka yi amfani da shi ba.

Saura magana ɗaya. Tun ranar nan ban sake sa ƙafa cikin jirgi ba, ban kuma taka gonar tudun nan ba, 'ya'yan Yaya ke noma ta. Bana na yi niyya, in Allah ya kai mu farkon damina, zan zo in tsallaka in yi binne a cikinta da hannuna, kuma kai nake so ka tuƙa ni. Na san halina. In na taso tun daga Mafara da irina a ƙwarya, na ga gonar can tsallake, zuciyata za ta rufe mini ido kamar yadda ta rufe wa wanda ya fi ni ilimi da tsoron Allah. Zan iya ce maka akwai sauran lokaci. Zan iya ɗaure fuska in tuna maka wanda ya haife ka, a gaban mutane. In ranar ta zo gabas ta yi baƙi, ka dube ni cikin ido ka ce, Baba, ba na tuƙi. In ka tuƙa ni don ni mahaifinka ne, ko mun isa lafiya ban ji daɗinka ba. In ka hana ni, zan yi fushi a bakin ruwa, zan kuma koma gida na san ka haifu.

Allah ya yi maka albarka. Ya sa ka shiga lafiya ka fita lafiya, kai da duk wanda ya amince ya zauna a bayanka. Ya ba ka idon gani da bakin faɗa. Ya jiƙan Yaya Haliru, ya sa ruwan nan ya zama shahada gare shi, ni kuma ya yafe mini. Ka gaishe da maigidan da ya sauke ka, in kuma ka ga Ɗantani, na ji yana nan da ransa, ka durƙusa ka gaishe shi ka ce kai ɗana ne.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
daga Talata Mafara.